Rawar da ta sauko daga allon fim ta rasa masauki

A watan Nuwamba na 2022 aka fara nuna wani wasan dandamali a birnin Landan mai suna Disco Dancer: The Musical, bayan wata biyar kuma aka kai shi Mumbai. Kamfanin Saregama, wanda ke riƙe da haƙƙin mallakar ɗimbin tsofaffin waƙoƙin fina-finan Indiya, shi ya shirya shi tare da jarumi Suniel Shetty, yayin da wasu makaɗa biyu 'yan'uwan juna, Salim da Sulaiman, suka sabunta kiɗan da Bappi Lahiri ya tsara shekara arba'in kafin nan. Shi Bappi bai ga wasan ba, domin ya rasu a watan Fabrairun shekarar.

Wanda ya yi samartaka a Kano ko Jos ko Kaduna a shekarun 1980 ba ya bukatar a gabatar masa da fim ɗin da aka ɗauko. Disco Dancer ya fito a 1982, Babbar Subhash ya ba da umarni, Mithun Chakraborty ya fito a matsayin Jimmy, yaron da ya tashi yana kiɗa da waƙa a bakin titi. Wani attajiri ya ƙaga masa satar wata 'yar jita, uwarsa ta ɗauki laifin ta tafi kurkuku, suka bar gari cikin kunya. Ya girma ya zama gwanin rawa, maƙiya suka haɗa wa jitarsa wutar lantarki don su kashe shi, uwar ta riga shi taɓawa ta mutu. Labarin ba mai zurfi ba ne. Abin da ya cika gidajen sinima daga Mosko har Fagge shi ne rawar da kiɗan, sai kuma uwar, domin Bahaushe ba ya wasa da labarin da aka wulaƙanta uwa a cikinsa.

Mayar da fim ɗin rawa wasan dandamali sana'a ce da ta daɗe a Turai da Amurka. Singin' in the Rain na 1952 ya hau dandamalin Landan a 1983. Saturday Night Fever na 1977 ya bi sahu a 1998. Dirty Dancing na 1987 aka fara wasansa a Sydney ta Ostareliya a 2004. A Indiya kuwa, a 2016 Feroz Abbas Khan ya ɗora Mughal-e-Azam, fim ɗin K. Asif na 1960, a kan dandamali a Mumbai, da tarin mata masu rawar kathak, jaruman mata kuma suna rera waƙoƙin da bakinsu a gaban jama'a. Lissafin masu zuba kuɗi a fili yake: 'yan kallo sun riga sun haddace waƙoƙin, abin da za a sayar musu shi ne ƙuruciyarsu. Wahalar tana wajen masu aikin. A fim, kyamara ce ke yin rabin rawar. Idan jarumi ya yi tuntuɓe a yanke a sake, idan ya gaji a huta, a cikin waƙa ɗaya ya canza riga sau biyar, ya kuma tashi daga lambu ya faɗa kan dutsen ƙanƙara. A dandamali babu yanka. Wanda ya fara rawar minti shida sai ya kai ƙarshenta da numfashinsa, yana waƙa, gobe kuma ya maimaita. Saboda haka sai an sake rubuta labarin, an rage wurare, an sa kowace waƙa ta ɗauki wani nauyi na labarin maimakon ta zama hutun rabin lokaci.

Da na karanta labarin wasan na Landan, Zandam ce ta faɗo mini a rai, garin dangin mahaifiyata a ƙaramar hukumar Gwaram, can kudancin Jigawa kusa da iyakar Bauchi. Nan ake kai mu dogon hutu, a bi ta Wudil, a tsaya Birnin Kudu a canza mota. A wani hutu, wajen 2001, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, wani ma'aikaci da ke da bidiyo da ƙaramin janareto ya zo da kaset ɗin Sangaya daga Kano. Samari suna da gidan kallonsu a bakin kasuwa. Mu 'yan mata sai a tsakar gidan mutumin nan, a kan tabarmi, a bayan matan aure. An kalli kaset ɗin dare uku a jere, har hoton ya fara rawa da kansa.

Dare na huɗu babu mai a janareto, amma akwai farin wata. Muka fita dandali, kuma maimakon gaɗar da aka saba, wata babbarmu ta raba mana matsayi. Wannan ce Zubaina, 'yar aikin gidan sarauta. Wannan ce gimbiyar da ke gallaza mata. Yarima kuwa, da yake ba a haɗa mu da maza, sai aka naɗa wa wata doguwa ɗankwali kamar rawani. Ƙwarya a kife cikin ruwa ta zama kiɗa. Muka yi labarin tun daga farko, a gajarce, mu tsaya inda fim ya tsaya mu yi waƙar da rawarta, sahu biyu suna fuskantar juna, sannan mu ci gaba. Ni cikin kuyangi aka sa ni, ba ni da magana ko ɗaya, amma ina cikin sahun rawa, kuma har yau ƙafata ta san takun. Mun yi kusan mako muna yi, tsofaffin mata suna zama a gefe suna gyara mana inda muka tsallake, kafin wani dattijo ya aiko a ce ya isa haka.

Abin da muka yi a dararen nan, da ƙwarya da ɗankwali, shi ne ainihin abin da Saregama ta sayar wa mutanen Landan tikitinsa: an ɗauko fim ɗin rawa da kowa ya sani, an mayar da shi jiki da murya a gaban jama'a. To me ya sa al'ummar da ta shafe sama da shekara sittin tana kallon fina-finan rawa, ta kuma kafa masana'antar fim da waƙa da rawa suka zama ƙashin bayanta, ba ta da sana'ar wasan dandamali irin wannan da manya ke yi, da marubuci da mai ba da umarni da tikiti? Kayan haɗin duk muna da su. Yadda suka warwatse ne ya kamata a bi.

Allon farko da mutanen karkara irin su Gwaram suka sani shi ne majigi, motar gwamnati da ke zuwa ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ta nuna yadda ake tsabtace rijiya ko noman gyaɗa. Sinimar kasuwanci ta birni ce. Rex ta buɗe a Kano a 1937, wasu suka biyo baya, akasarinsu a hannun 'yan kasuwa 'yan Labanan. Su ne a shekarun 1950 suka gwada shigo da fina-finan Indiya, suka tarar da kasuwar da ba su zata ba. Brian Larkin, masanin da ya zauna a Kano a shekarun 1990 ya yi nazarin al'amarin, ya kawo yadda masu kallo suka raɗa wa jaruman sunaye na gida: Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Ba a yi wa baƙo laƙabi sai ya zama ɗan gida.

Amma sinima ba ta taɓa samun mutunci ba. Gobarar sinimar El Duniya a watan Mayun 1951, wadda ta ci rayuka 331, mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin hukuncin Allah, kuma har aka daina yayin gidajen, macen da ke tsoron bakin mutane ba ta shiga. Talabijin ce ta kai Indiya cikin gida. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙididdige fina-finan Indiya sama da dubu ɗaya da tashar NTA ta Kano ta nuna tsakanin 1977 da 2003. Yaran da suka tashi a gaban wannan akwati, maza da mata, su ne suka zo suka yi Kannywood.

Abin da ya fara sauka daga allo shi ne karin waƙa, kuma ya sauka lafiya. Abdu Yaron Goge a Jos da Ali Makaho sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun ɗora musu kalmomin Hausa. 'Yan makarantun Islamiyya suka ɗauka suka yi waƙoƙin tarbiyya da su. A Kano har ƙungiyar masu bandiri aka yi mai suna Ushaƙu Indiya, suna yabon Annabi (SAW) da karin da aka fara ji a sinima. An yi musu ca, amma sun yi kasuwa, domin kari ba shi da jiki. Da an canza kalmomi an wanke shi. Labarin ma ya sami hanya: ya shiga littattafan soyayya na kasuwar Kano a shekarun 1980 da 1990, inda saurayi talaka da auren dole da attajirin uba suka zauna daram kamar a nan aka haife su. Rawa ce kaɗai ta tsaya a bakin ƙofa.

Bahaushe ya san rawa, ya kuma san haɗa ta da labari. Tashe, wanda yara ke yi daga goma ga watan azumi, wasa ne cikakke: akwai shiga, akwai waƙa da amshi, akwai taku, akwai ɗan labari mai ba'a, kamar na Jatau mai magani ko na Mairama da Daudu. Akwai gaɗa, akwai kalankuwa bayan kaka, akwai 'yan koroso da kacau-kacau a ƙafa. Sai dai kowace rawa a ƙasar Hausa tana da shekarunta da muhallinta. Budurwa tana rawa a dandali har ranar da aka kai ta ɗaki. Daga nan rawarta ta koma tsakar gida, cikin mata, a kiɗan ƙwarya ko amada ranar biki ko suna. Magidanci kuwa, in ka cire manomi a gayya ko mahauci ko ɗan tauri idan an kaɗa takensa, ba ya rawa a bainar jama'a sai in sana'arsa ce, kuma an san matsayin da al'umma ta ajiye masu wannan sana'a. Abin da fim ɗin Indiya ya zo da shi, wanda babu gurbinsa a wannan tsari, shi ne namiji da mace, baligai, 'ya'yan mutunci a cikin labarin, suna rawa tare don bayyana soyayya, jama'a suna kallo.

Shi kuwa dandamalin zamani, da labule da rubutaccen wasa, ta makaranta ya shigo. R. M. East ya buga Six Hausa Plays a shekarun 1930; Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a kwalejin Kaduna, yana zolayar macuta da azzaluman masu mulki; Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu a wajen 1960. Wasanni ne na magana da hikima da gyaran hali, rawa ba ta cikin lissafinsu. Abin lura shi ne alƙiblar tafiyar. A Landan da Mumbai daga allo ake saukowa dandamali. A nan daga dandamali ake hawa allo, kuma wanda ya hau ba ya dawowa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa littafi ne na 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandamali, aka buga a 1975. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, wasa ne na 1979 kafin ya zama fim a farkon shekarun 1990.

Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, su ma wannan hanya suka bi. A 1990 Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake lissafawa a matsayin farkon masana'antar da Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa suna Kannywood a mujallar Tauraruwa a ƙarshen shekarun 1990. Dalilin ƙaurar a bayyane yake. Wasan daɓe dare ɗaya ne, zaure ɗaya, kuma matan aure, waɗanda su ne manyan masu sayen kaset, ba za su zo ba. Kaset kuwa yana shiga har ɗaka, ya je Zandam a jakar ma'aikaci. Cikin shekara goma dandamalin ya zama kango, sai a jami'o'i, irin zauren wasan da aka gina da jar ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello a tsakiyar shekarun 1970 da siffar gidan Bahaushe, inda ɗalibai ke wasa don cin jarrabawa.

Sangaya, na kamfanin Sarauniya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, ya fito a daidai shigowar shekara ta 2000, da Ali Nuhu da Fati Muhammad da marigayiya Hauwa Ali Dodo. An yi fina-finai masu waƙa kafinsa, amma shi ya tabbatar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Kiɗan a fiyanon Yamaha aka yi shi, sai dai an sa fiyanon ya kwaikwayi kalangu da sarewa. Rawar kuma ta sahu ce, ta samari da 'yan mata cikin kayan gargajiya, ta fi kusa da dandali fiye da Bombay. Ina ganin shi ya sa ta sauko mana cikin sauƙi: abinmu ne ya je birni ya dawo da sabon ɗinki.

A shekarar ce kuma Kano da Jigawa suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A watan Disambar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai, kuma tun daga nan rawar mace da namiji ce babban abin jayayya tsakanin hukumar da 'yan fim. Abin ya kai ƙololuwa daga 2007, zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim, lokacin da aka hana waƙa da rawa a fim, aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya. Akwai wata shari'a ta wannan zamani da ta shafi zancenmu kai tsaye. West Side Story wasan waƙa da rawa ne da aka fara a dandamalin Broadway na New York a 1957, ya zama fim a 1961. Hamisu Lamido Iyan-Tama ya ɗauko ƙashin labarin ya yi Tsintsiya, da tallafin ofishin jakadancin Amurka, ya mayar da faɗan gungun samarin New York rikicin ƙabilanci da addini irin namu. A ƙarshen Disambar 2008 wata kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi bisa tuhumar sakin fim ɗin ba tare da izinin hukumar ba, duk da ya ce bai sake shi a Kano ba. Ya yi kusan wata uku a gidan yari, daga baya babbar kotu ta soke hukuncin. A ganina mafi kusancin da muka yi da al'adar Broadway ke nan, kuma a kurkuku ya ƙare.

Duk da haka rawar ta sauko dandamali, ko an so ko ba a so. Da farko taurarin fim ne da kansu ke yawon wasan Sallah, su hau dandamali a sinima ko filin ƙwallo, daga Kano har Maraɗi da Damagaram, a saki waƙar fim a lasifika su maimaita takun suna motsa baki. Daga nan aka sami gidajen da wannan ne aikinsu kowane dare, waɗanda ake kira gidan gala ko gidan dirama, a unguwannin bayan gari da garuruwan kan hanya. Tsarin kusan ɗaya ne: ɗan guntun wasan barkwanci, sannan waƙoƙi a jere, yarinya ta fito ita kaɗai ko da abokin rawa, maza su yi liƙi. A zahiri wannan shi ne fim ɗin rawa a kan dandamali, amma an zare masa labari. Babu Zubaina, babu zaluncin da aka yi mata, babu dalilin da ya sa take waƙa. Saura jiki da kuɗi. Kuma da zarar an cire labarin, yawancin abin da mai suka ya faɗa a kan rawar ya zama gaskiya. Hisbah da Hukumar Tace Fina-finai sun sha kai samame suna rufe irin waɗannan gidaje, su sake buɗewa a wani lungu. Na taɓa hira da mata biyu masu wannan sana'a lokacin da nake ɗauko wani rahoto. Dukansu zawarawa ne da ba su kai ashirin da biyar ba, dukansu daga ƙauye, ba wadda ke da albashi, abin da aka liƙa ne ake rabawa da mai gidan. Ɗayarsu ta iya taku fiye da yawancin waɗanda nake gani a fim. A Mumbai da an kira ta ƙwararriya, an ba ta kwantiragi.

Na daɗe ina juya wannan, kuma abin da na tsaya a kai shi ne nisa. Haƙurinmu da rawa yana raguwa gwargwadon matsowar mai rawar. Hema Malini tana rawa a allon sinimar Plaza, 'yar wasu ce a wata duniya, babu wanda zai je neman aurenta. Dattijo ma yana iya kallo ya yaba. Da Fati Muhammad ta yi a kaset, sai aka ce 'yarmu ce, Musulma, da sunan mahaifi da unguwa, aka fara kafa hukuma. Amma ko ita akwai gilashi tsakaninmu da ita, kuma an yi rawar an gama a wani wuri, wata rana. Dandamali shi ke cire gilashin. Mai rawar tana nan, yanzu, tana haki, taku goma daga inda kake zaune, kuma a gari kamar Zandam kowa ya san kakarta. Shi ya sa dattijon nan ya aiko mana. Bai hana kallon kaset ba, shi ma an ce yana leƙawa. Yin abin ne ya hana.

Ban ɗauki wannan damuwa a matsayin jahilci ba. Uban da ba ya son a yi wa 'yarsa liƙi a gaban maza yana da hujja, kuma gidan gala ya ƙara masa wata. Inda nake ganin an yi asara shi ne, da aka ƙi buɗe ƙofar da za a iya tsarewa, wato zaure mai rubutaccen wasa da hasken fitila da iyalai a kujeru, sai aka bar wadda ba ta tsaruwa a buɗe.

Maƙwabtanmu na Nijar, masu harshe ɗaya da addini ɗaya da mu, sun ɗan bi wata hanya. Gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya, daga 1976 kuma ta riƙa shirya bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasar wasan kwaikwayo da waƙa da rawar ƙungiya mai ɗauke da labari. Farfagandar soja ce, babu musu, amma ta sa hawa dandamali ya zama wakiltar gari; a irin wannan yanayi su Yazi Dogo suka yi suna. A Legas kuwa kuɗi ne suka yi aikin: bayan an kawo Fela! daga Broadway a 2011, Bolanle Austen-Peters ta shirya Saro a 2013, ta ga akwai masu sayen tikiti, ta gina zaure na kanta a Terra Kulture. Namu bai sami gwamnati ba, bai sami attajiri ba. Ko ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta yi niyyar ginawa a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, hayaniya ta sa aka janye shi kafin a sa tubali.

Idan da za a gwada, ba sai an je Indiya aro ba, kuma bai kamata a je ba, tunda fina-finanmu da aka kwafo daga can ba da izini aka kwafo su ba, ba kuma za a iya kai su gaban duniya a sayar da tikiti ba. Sangaya ya haura shekara ashirin, waɗanda suka kalle shi suna yara yanzu su ne likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikata, wato irin mutanen da Saregama ta nema a Landan. Labarinsa na gidan sarauta ne, ba ya bukatar dutsen ƙanƙara. Rawarsa ta sahu ce, babu runguma. Kiɗan da fiyano ya kwaikwaya ana iya dawo da shi hannun masu kalangu da sarewa na gaske, waɗanda masu kiɗan lasifika suka raba da abincinsu a gidajen biki. Abin da zai yi wuya shi ne 'yan wasa, domin tsarin fim ɗinmu, kamar na Indiya, ya raba aikin gida biyu: mawaƙi yana situdiyo, jarumi yana motsa baki. Wanda zai yi magana ya yi waƙa ya yi rawa a numfashi ɗaya sai an horar da shi, in mace ce kuma sai iyayenta sun yarda.

Bara na koma Zandam bikin 'yar kawuna. Dandalin da muka yi wasa an gina shaguna a rabinsa, 'yan mata kuma a waya suke kallon rawa, su yi tasu a ɗaki su ɗora a TikTok, su goge kafin yayyensu maza su gani. Da yamma, a tsakar gida, bayan an fitar da maza an sakaya ƙofar zaure, mai kiɗan ya bar wa wata yarinya na'urar ya fita, ita kuma tana laluben tsofaffin waƙoƙi ta saki Sangaya. Matan da suka tashi duk sun haura talatin, wasu da goyo. Ba wanda ya ce a yi sahu biyu, sahu biyu ya yi kansa. Doguwar da muka naɗa wa rawani, wadda yanzu take da 'ya'ya shida da jika ɗaya, ta warware mayafinta ta naɗa a ka ta shiga gaba. Zubainarmu ta rasu wajen haihuwa shekaru da suka wuce, sai ƙanwarta ta tsaya a gurbinta. Na ajiye jakata na shiga layin kuyangi, inda nake tun farko. Da waƙar ta ƙare aka ce a maimaita, aka maimaita sau biyu, sannan aka kira sallar magariba.